Waƙar Da Baba Bai Rera Ba

Sau uku Auta ta tambaye shi abin da ke damunsa, shi kuwa sai kallon bakinta yake yi. Sai da ta miƙo hannu ta saman kantar kyamis ɗin ta nuna masa kunnensa, sannan ya zare iyafis ɗin jin waƙa da ya toshe kunnen da shi, kunya ta kama shi. Ciwon kunne ne ya kawo shi. Ta ce ai maganin yana hannunsa, ya jefa abin nan a aljihu ya yi sati biyu. Da ya roƙi lambarta wai don ya riƙa sanar da ita in ya samu sauƙi, sai ta fito da wata 'yar waya mai madannai wadda ko hoto ba ta ɗauka. Tun ranar ya laƙaba mata 'Yar Ƙauye, ita kuma ta rama da Kurma.

A kamfanin wata manhajar sauraren waƙoƙi Kurma yake aiki. Shi ke jera wa mutane abin da za su ji: waƙoƙin safe, na tuƙi, na waɗanda aka yaudara. Da waƙa ya saba neman mace, ga shi wayar Auta ba ta karɓar waƙa. Dole ya koyi magana da bakinsa.

"'Yar Ƙauye, yau na bi ta layinku ba komai a kunnena. Ashe akwai tsuntsaye a titin nan. Na yi kewarki."

"Sannu da warkewa, Kurmana. Saura ka iya jin abin da ban faɗa ba."

Akwai kuwa abin da ba ta faɗa ba. Ya san Babanta tsohon mawaƙi ne, wanda aikin da aka yi masa a maƙogwaro ya bar shi da raɗa kawai. Bai san ranar da babbar wayar Auta ta sanar da ita cewa Baba ya saki sabuwar waƙa ba, alhali yana kwance ko ruwa ba ya iya haɗiyewa. Ranar ta rufe wayar a durowa, ba ta ƙara taɓa ta ba. Tsoron rasa Kurma ya sa ta yi shiru, a gida ma cewa ta yi aikin kwamfuta yake yi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Da zai je gaishe da Baba, sai ya yi tunanin kyautar da ta fi kowace. Ya kwashe sati yana zaɓen waƙoƙin tsohon guda goma daga manhajarsu. A falo ya kunna, Baba yana jijjiga kai, Mama tana murmushi. Da aka zo ta bakwai, Baba ya ɗaga hannu.

"Muryata ce," in ji shi cikin raɗa, "amma ban taɓa rera ta ba."

An tattara tsofaffin waƙoƙinsa ne aka ɗura wa inji har ya iya kwaikwayonsa. Baba ya tambayi Kurma ko yana da hannu a ciki. Kurma bai yi ƙarya ba. Ya ce ba shi ya ƙera ta ba, amma shekara guda ke nan yana sa ta a saman jerinsa, saboda ita ce mutane ba sa tsallakewa.

"Wanda bai bambance ni da inji ba," Baba ya ce, "ba zai bambance 'yata da wata ba. Tashi ka tafi."

Kurma ya rubuta wa manyansa takarda har sau huɗu a cire waƙar. Suka nuna masa wata yarjejeniya da Baba ya sa wa hannu tun kafin a haifi Auta, tun babu wanda ya yi mafarkin inji zai yi waƙa. Ya ajiye aikin. Kafin sati ya zagayo wani ya hau kujerarsa, kafin wata ya ƙare injin ya ƙara sakin waƙoƙi biyu. Ya bai wa ƙanwarsa babbar wayarsa, ya sayi irin ta Auta, ya koma zama a shagon wani mai gyaran rediyo.

"'Yar Ƙauye, na bar komai, kuma ban gyara komai ba. Ko kalma ɗaya ce ki turo."

Ta karanta saƙon a bayan kantar kyamis, ta sha kukanta, ba ta amsa ba, don ta yi wa Baba alkawarin rabuwa da shi. Ga ɗan tsohon makaɗin Baba ya fara sintiri a gidan yana neman aurenta, kowa yana yabon hankalinsa. Auta ta rame har abokan ciniki suna tambaya ko ita ce marar lafiyar.

Mama ce ta gaji. Wata rana ta biya ta shagon gyaran, ta dire wa Kurma kwalin kaset ɗin Baba mai ƙura, ta ce, "Kai ba Kurma take ce maka ba? To ga magani."

Wata huɗu ya yi yana saurare, kaset ɗaya a rana, hannunsa ba ya taɓa komai in yana juyawa. Sannan ya koma ya durƙusa a falon da aka kore shi. Ya ce bai zo da kyauta ba. Ya ce ya gano duk lokacin da Baba zai ɗaga murya sai ya ja numfashi, iskar ta yi ɗan fito ta wushiryarsa, inji kuwa ba ya numfashi. Ya ce a kaset na goma sha ɗaya akwai kukan jaririya daga can nesa, Baba ya kusa yin dariya a tsakiyar baiti.

Hawaye ya gangaro wa Baba.

"Auta ce," ya ce. "Kwananta tara."

Aka ɗaura auren Auta da Kurma bayan wata biyu. Ana cikin walima wani ɗan uwa ya ce bari a karrama uban amarya, ya jona wayarsa da lasifika. Waƙa ta bakwai ce ta tashi. Jama'a suka miƙe suna rawa, tsofaffin abokan Baba suna ɗago masa hannu, suna cewa kai, zamanin nan ya wuce. Babu wanda ya gane. Zuciyar Auta ta karye, Kurma ya yunƙura zai je ya kashe.

Baba ya riƙo hannun rigarsa, ya girgiza kai. Ya jawo su biyun kusa da bakinsa, don hayaniyar ta yi yawa. Kurma ya ji an ja numfashi, ya ji ɗan fiton nan.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya sa ku riƙa jin juna."

Waƙar tana ta tashi a bayansu, su biyu kaɗai suka ce amin.