Zarena a Cikin Bunsurun Dutse

Ni ba mafarauci ba ne. Likitan dabbobi ne ni, a Zariya na yi karatu, kuma a shekarar 1979 aikina duba nama ne a wata mayanka a Madina: in daddanna hanta, in leƙa huhu, in buga hatimi. Dabbobin da ake kawo mini duk sun riga sun gama gudunsu. Hakan ya fi mini sauƙi.

Mafaraucin surukina ne, Baba Shittu, uban matata Shafa'atu. A Madina aka haife shi, kakansa ne ya tako daga ƙasar Hausa. Ya yi shekara talatin yana tuƙa motar ruwa a unguwar Jurf, kuma duk shekara, da zarar zafi ya fara sassauci, sai ya ɗauki bindigarsa ya nufi duwatsun da ke kan hanyar Badar, can bayan iyakar Harami, tunda a cikinsa ba a farauta, neman bunsurun dutse, wanda Larabawa ke ce wa wa'il. A wannan shekarar yanar ido ta fara rufe masa idon dama. Kowa a gidan ya sani, babu mai faɗa.

"Ka bi shi," in ji Shafa'atu. "Ba nama nake so ba. Ka dawo mini da ubana da ƙafarsa."

Na ce to. Na taso daga aiki tun asuba, ƙafafuna kamar na aro, amma na ce to.

Mun bar motar a gindin dutse bayan la'asar, muka hau. Farkon lokacin farauta suna ne kawai, zafi bai tafi ko'ina ba. Duwatsun baƙaƙe ne, suna fitar da tiriri kamar tanda. Baba yana gaba da bindiga, ni ina baya da jakar aikina, don a cikinta wuƙaƙen fiɗa suke. Tsoho ɗan shekara sittin da takwas yana juyowa yana jirana.

"Yalla, Duktur. Ko boko ya cinye gwiwar?"

"Ina tafe, Baba."

Muka isa wani kwarmi da ruwa ya taru a cikinsa, kore, yana warin gansakuka da fitsarin dabba. Muka kwanta a bayan wani dutse, iska tana bugo mu ta fuska. Nan Baba ya yi mini karatu cikin raɗa. Ya ce namun dutse ba marasa gata ba ne, suna da makiyayi, irin wanda ba a gani. Makiyayin ba ya hana mafarauci rabonsa, sai dai yana da sharaɗi: harbi ɗaya, a bayan kafaɗa, tafi guda sama da inda ƙafar gaba ta haɗu da ƙirji. A nan huhu da zuciya suke. Dabba ta faɗi ba ta san me ya same ta ba. Wanda ya harbi ciki kuwa, ya bar dabba tana jan hanji kwana biyu kafin ta mutu, wannan ba farauta ya yi ba, zalunci ya yi, kuma ana biyo sawu.

Rabin maganar na yarda da shi, don shi aka koya mana a aji. Ɗaya rabin na bar wa mai shi.

Rana ta kusa faɗuwa sannan suka sauko. Ƙarar tsakuwa muka fara ji. Bakwai ne, babban yana gaba, ƙahonsa ya lanƙwashe har gadon baya, gemunsa baƙi. Ya tsaya a bakin ruwa, ya ba mu gefensa sarai.

Baba ya ɗora bindiga a kan dutse. Ina kwance dab da kafaɗarsa, ina kallon bakin bindigar. Na ga inda ya nufa. Ya yi baya da yawa, kusan taƙi guda. Kwiɓi yake auna.

Na gani sosai. Abin da ya rage in ce, "Baba, matsa gaba kaɗan." Amma suruki ne. Ta yaya zan gaya wa uban matata, a kan dutsen da ya san shi tun ba a haife ni ba, cewa idonsa ya daina aiki? Kunya ta riƙe mini baki. Kuma, tun da gaskiya nake rubutawa, gajiya ta taya ta. Na ƙosa a yi harbin mu koma gida.

Bindiga ta tashi.

Bunsurun ya ƙudundune, ya gantsare baya, ya juya a hankali. Bai yi gudu ba. Sauran suka watse, shi kuwa ya bi wani tsagi a jikin dutse yana ɗaga ƙafa da ƙyar.

Baba ya yi gaba, na bi shi har muka isa wurin. Jinin baƙi ne, babu kumfa, da ɗigon kore a ciki. Warin toroso ya bugi hancina. Ya durƙusa, ya shafa, ya shinshina yatsunsa.

"Ka gani lokacin da nake aunawa?"

Na kawar da kai.

"Ka gani," ya ce. "Shi ke nan. Mu bi shi mu yanka kafin duhu."

Muka shiga tsagin. Faɗinsa bai fi mutum biyu su jera ba, kuma yana ta ƙara matsewa. Hasken sama ya koma ɗan siririn zare ja. Na kunna tocila. Jini a kan wannan dutse, jini a kan wancan. Lokacin magariba ya shiga, muka ce ma yi sallar in mun fito.

Zafin nan da ya gasa mu tun la'asar ya ɗauke gaba ɗaya. Na lura da haka, na ce wa kaina inuwa ce.

Sai na ji wani yana kaɗa harshe a ganda, irin yadda makiyayi ke kiran awaki. Sau biyu, daga sama. Na ce wa kaina tsuntsu ne. Ban san tsuntsun da ke yin haka ba, amma ban san duk tsuntsaye ba.

Tsagin ya buɗe zuwa wani ɗan fili kamar ɗaki marar rufi. Bunsurun yana kwance a tsakiya, kansa a miƙe, yana kallonmu. Na ajiye jaka na zaro wuƙa.

A bayana na ji bindiga ta faɗi.

Baba ya zube a ƙasa, ya ƙudundune, hannuwansa biyu a kan kwiɓinsa na hagu. Na ɗaga rigarsa na haska. Babu rauni, babu jini. Amma cikin ya yi tauri kamar katako, gumi mai sanyi yana tsattsafo masa. Na san irin wannan cikin. Na sha ganinsa a dabbar da hanjinta ya fashe.

"Baba, me ka ci da rana?"

Tambayar da na yi ke nan. Ban ce ta hikima ce ba.

Ya ƙara danne kwiɓinsa. Yana numfashi gajere, da ɗan gurnani a ƙarshe. Kuma akwai wani numfashin, daga tsakiyar filin, gajere, da ɗan gurnani a ƙarshe.

Na saurara. Tare suke ja, tare suke saki.

Na ƙirga goma. Ban sami bambanci ba.

Na koma wurin bunsurun da wuƙata, don in tabbatar wa kaina cewa shirme ne. Na kama gemunsa, na ɗora kaifin a maƙogwaro, ban danna ba.

Baba ya shaƙe. Na haska shi. Wani siririn layi ja ya fito masa a wuya.

Na janye wuƙar.

"Duktur," ya ce da ƙyar. "Yanka. Yana shan wahala."

"Baba, ka yi shiru."

Shi ne karo na farko da na taɓa gaya masa haka.

A littafi, wannan dabba ta riga ta mutu. Ba a ɗinke hanjin naman daji a kan dutse da hasken tocila. Amma a aljihun jakar akwai allura mai lanƙwasa, da zare, da kwalbar maganin wanke ciwo, da ruwan shanmu rabin gora. Na tsugunna a gefensa. Ya harba ƙafa, ya kusa karya mini hannu.

"Ba zan iya ni kaɗai ba," na ce. Ban san wa nake gaya wa ba.

Warin ya fara zuwa: hayaƙin itace, da tsohuwar fata, da madara mai tsami.

Sannan tsakuwa ta motsa a bayana.

Hannu ya shigo cikin hasken, ya kama ƙahon. Dogo ne, launin dutsen, yatsun suna da gaɓa fiye da yadda aka koya mini. Wani hannun ya danne ƙafafun baya. Wani kuma ya karɓi tocilar daga haƙorana, ya riƙe mini ita daidai.

Na ƙirga hannu uku, na daina ƙirga.

Ban ɗaga kai ba. Na faɗaɗa raunin da wuƙa. Baba ya yi ƙara, ban waiga ba. Harsashin ya shiga ta kwiɓi ya fita ta ɗaya gefen, ya yaga hanji wuri biyu. Na jawo, na wanke, na fara ɗinki. Na yi irin ƙullin da na saba tun ina ɗalibi, mai ninki uku, wanda malaminmu ke cewa ɓarnar zare ce.

Wani abu yana numfashi a kan ƙeyata. Sanyi ne.

"Mai allura," aka ce. Muryar kamar ana jan dutse a kan dutse. "Kai ka gani."

"Na gani."

"Ba ka faɗa ba."

"Surukina ne."

Sai na ji wani sauti wanda, in da mutum ne ya yi shi, da na ce tsaki ne.

Na rufe fatar. Ƙulli goma sha ɗaya a hagu, shida a dama. Na zuba sauran maganin.

Hannayen suka saki.

Bunsurun ya daɗe a kwance. Sannan ya tattara ƙafafu, ya miƙe, ya yi tangaɗi. A bayana Baba ya ja dogon numfashi, na farko.

Tocila ta faɗo ƙasa ta mutu.

"Ku bar ƙarfen," in ji muryar.

Na bar bindigar. Na bar jakar ma. Na goya Baba, na shiga tsagin ina lalube da hannu ɗaya. Kofatai suna biye da mu, a sama, hagu da dama, da yawa. In na tsaya su tsaya. Na faɗi sau biyu, gwiwata ta fashe. Ina karanta duk abin da ya zo bakina, har da abin da ba addu'a ba.

A bakin ruwan nan suka daina binmu.

A jikin mota muka yi magariba da isha'i, Baba yana zaune. Da muka isa Jurf ya sauka da ƙafarsa. Shafa'atu ta dube shi, ta dube ni.

"Ina naman?"

"Kin ce ba nama kike so ba."

Washegari na kai shi asibiti. Suka duba, suka ce lafiyarsa lau, wataƙila iska ce ta murɗe masa ciki. Na ce ni ma haka nake zato.

Bai sake farauta ba, kuma ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ni kuwa, mutumin da bai yarda da irin waɗannan abubuwa ba, sai na sami kaina duk farkon lokacin farauta ina gaya wa duk mafaraucin da ya shigo mayanka cewa namun wannan dutse suna da wata cuta mai kama mutane. Har suna na laƙaba mata. Shekara uku ina wannan ƙarya, kuma ta gajiyar da ni fiye da aikina.

A shekara ta huɗu, ranar wata Alhamis da hantsi, Baba yana zaune a ƙofar gida yana shan shayi. Shafa'atu ce ta kawo masa. Ta ce yana cikin ba ta labarin wani direba, sai ya ajiye finjali, ya jingina da bango. Ko kalma bai ƙarasa ba. Muka yi masa sutura bayan la'asar.

Ranar Asabar na koma aiki. Wani mai sayar da dabino daga Badar, Usmanu, ya shigo da buhu a kafaɗa. Ya ce shekaranjiya da hantsi ya sami wa'il, tsoho, amma da ya feɗe sai ya ga abin da bai gane ba, yana tsoron ba iyalinsa.

Ya shimfiɗa fatar a kan tebur. Tsohon tabo a kwiɓin hagu. Ya miƙo mini wani ɗan guntun abu da ya ciro daga cikin naman: zare ne, da ƙulli mai ninki uku.

Na juya fatar. Sabon ramin yana bayan kafaɗa, tafi guda sama da ƙafar gaba.

"Ya yi gudu?" na ce.

"Ko taku ɗaya, Duktur. Yana shan ruwa, ya kwanta."

Na daɗe ina kallon ramin.

"Naman zai ciwu?" ya ce.

"Ka binne shi. Ba don cuta ba." Na naɗe fatar na miƙa masa. "Allah Ya yi wa hannunka albarka. Ka iya harbi."