Ƙwayoyin da ke Cikin Rediyon Baba

Auta na zaune a bakin gadon Baba da takardar gwajin jini a hannu. Sau uku ta karanta, ba ta fahimci komai ba sai inda likita ya ja wa layi: kitsen jini bai sauka ba. Wata shida ke nan da ciwon zuciya ya kayar da Baba, aka ɗora shi a kan wasu ƙwayoyi masu araha.

"Likita ya ce akwai sabuwar allura, sai dai tsada," in ji Yaya, babban wanta. "Saurayinki ba mai kemis ba ne? Ya fito da kuɗin auren da yake tarawa ya saya."

Da yamma Mai Kemis ya zo gaisuwa. Ya duba takardar, ya saci kallon Baba, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, a ɗan dakata da allurar tukuna."

"Dalili?"

Mai Kemis ya naɗe takardar ya ajiye.

"Ka ji marowaci!" Yaya ya juya ga Auta. "Wanda ke ƙyashin ran ubanki, ke zai so? Aure babu. Kada ya ƙara taka gidan nan."

Kan Auta ya ɗaure tamau. Mutumin da ke ba tsofaffin unguwa magani kyauta, yau shi ne marowaci? To in ba rowa ba ce, me ya kulle masa baki? Ta kira shi a waya tana kuka.

"Don Allah ka faɗa mini."

"Ki yi haƙuri, Auta. Ba maganar da za ta fito daga bakina ba ce."

Mako biyu ta yi ba ta san wanda za ta ji wa haushi ba. Ranar nan tana share ɗakin Baba, ta ɗaga tsohon rediyonsa, ta ji abu na kaɗawa a ciki. Ta buɗe wurin batir, sai ga ƙwayoyi fal, suna zubowa kan tabarma.

"Baba, mene ne wannan?"

Dattijon ya kau da kai kamar yaron da aka kama da hannu a gwangwanin sukari.

"Ke ma dai ki duba. Abin da bai kai kuɗin burodi ba, shi zai gyara zuciya?"

Aka kira Yaya da Mai Kemis. Sai da Baba da kansa ya ce ya yi magana sannan Mai Kemis ya buɗe baki.

"Maganin wata ɗaya na aiko, ba a ƙara zuwa karɓa ba, shi ya sa na gane. Allurar tana da kyau, Yaya, amma ga wanda ya sha wannan bai yi masa ba. A koma wa likita da gaskiya. In an gwada bai sauka ba, ko shagona zan sayar."

"To me ya hana ka faɗa tun ran nan?" in ji Yaya.

"In ƙaryata Baba a gaban 'ya'yansa?"

Yaya ya rasa inda zai sa idonsa, Auta kuwa hawaye suka ƙwace mata.

Baba ya fara shan ƙwayoyinsa. Bayan wata uku gwaji ya yi kyau, likita ya ce babu buƙatar allura, aka sa ranar aure. Ba tsada ke nuna ingancin magani ba, haka ma masoyi: wanda ya yarda a kira shi marowaci don ya rufa wa ubanki asiri, ki riƙe shi da kyau.