Tabon da ke Ƙarƙashin Gira

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Radoje ya daki gilashin shagon gwal ɗin da gindin bindiga, tas! Tsakar rana ce a birnin Nish. Hula ta rufe masa fuska, ido kawai ake gani. Cikin masu sayayya da suka zube har da wani mai furfura, yana ta makyarkyata. Radoje ya kusa dariya, don mutumin nan Obren ne, kum ɗinsa, wanda ya tsaya masa ranar aure, ya riƙe 'yarsa ranar baftisma. A wajensu kum ya fi ɗan'uwa nauyi.

Shi Obren ɗin ne ma ya tsara komai, suna cin burek, wata gurasa mai nama a ciki. "Kum, ni zan zama shaida. In mai zanen 'yan sanda ta zo, in ba ta fuskar wani gardi mai ƙaton hanci. Su yi ta nema har su tsufa!"

Zlatko direba ya fizgi mota — suka ɓace! Jakar gwal ɗin kuwa aka cusa ta cikin ganga a gonar Obren, kamar yadda aka shirya.

Kwana biyu Radoje yana barci har da minshari. Ran na uku ya shiga sayen taba, sai ga zanen fuskarsa a talabijin. Ba gardi ba, ba ƙaton hanci ba. Shi ne sak, har da tabon ƙarƙashin gira.

Ya ruga wajen Zlatko. "Ta da mota, an sayar da mu!"

Ba su kai gada ba jiniya ta cika titi. Harbi — taya ta fashe! Zlatko ya kife kan sitiyari, bai ƙara motsi ba.

A ofishin 'yan sanda aka zaunar da Radoje gaban wata dattijuwa mai yatsu baƙi ƙirin da gawayin zane. Desanka sunanta. Ta tura masa hotonsa.

"Shekara talatin ina wannan aiki, ɗana. Wanda aka ɗora wa bindiga, bakin bindigar yake tunawa. Wannan mai shaidar kuwa ya ce hularka ta zame, ya gan ka na ƙiftawar ido. Amma sau uku yana gyara mini tabo. Wai in sauke shi ƙasa kaɗan, ɗinki huɗu ne."

Ɗinki huɗu. Obren ne ya ɗinke shi da hannunsa, shekara goma sha biyu da suka wuce. Cin amanar nan ta fi wa Radoje mutuwar Zlatko ciwo, kuma ya ji kunyar hakan.

"Na faɗa wa manya da hannun mai shaidar nan a fashin, suka ce tsohuwa ta fara ruɗewa," in ji ta. "Kafin su farga ya gudu. Sunan ƙarya ya bari, kuma kyamarar shagon ƙeyarsa kaɗai ta ɗauka. Na zana shi da ka, amma rabin fuskarsa na cikin hankici, wai kuka yake."

Radoje bai taɓa tona kowa ba a rayuwarsa. Ya tuna hannun da ya ɗaga 'yarsa a coci. Ya daɗe yana kallon gawayin.

"Iya, ɗauko sabuwar takarda."

"Daga ina za mu fara?"

"Daga murmushin," ya ce. "Shi na fi sani."