Kan Fim

A shekarar da aka koro mutane daga Legas, shekarar da yunwa ta sa har masu rufin asiri bin layin burodi, a cikinta ne Imurana ya baro Salaga ya sauka Ankara, babban birnin Gana. Ya zo da matarsa Abibatu, da 'yarsu Lariba a goye, da tsohuwarsa Mma Adiza wadda ta rantse ba za a bar ta ita kaɗai ba. Dukiyarsa duka wata tsohuwar kyamara ce a rataye a wuya. Suka kama ɗaki a wani gidan haya a unguwar Nima, kusa da babbar gota mai kwashe ruwan ƙazanta, inda idan ruwa ya sauka sai an ɗora tabarmi a kan kujera.

Imurana ya iya aikinsa, wannan ba a yi masa ƙarya. Amma wa zai ɗauki hoto da yunwa a cikinsa? Kullum yana tafe daga Nima zuwa Maamobi, ya gangara New Town yana kiran "Foto! Foto!" har muryarsa ta dushe. Ɗan wanda ya tsaya ma, don ya aika wa mutanen gida su ga yana lafiya ne. In an kawo masa hoton sai ya ɓata rai.

"Wannan zan aika wa uwata? Dubi ƙashin wuyana! Ai sai ta ce mutuwa nake."

A gidan hayar akwai wani direban motar haya da ake kira trotro, Sumaila, haifaffen Nima, mai yawan dariya. Wata rana ya tarar da Imurana zaune da hotunan da aka ƙi karɓa.

"Cale, abokina, ka san matsalan ka?" in ji Sumaila. "Foton ka na faɗin gaskiya da yawa. Nan Ankara ba a sayen gaskiya kuraa, ko kaɗan. Akwai wani tsoho bayan unguwar Malam. Ni ban ce ka je ba fa. Na ce dai akwai shi."

Imurana ya yi a'uziyya. Ya kwana biyu yana yinta. Ranar da ya dawo ya ga Mma Adiza tana ba Lariba nata rabon kokon tana cewa ita ta ƙoshi, sai ya daina.

Da rana tsaka suka je. Daga mahaɗar Malam suka bar titi, suka bi gefen fadamar gishiri har inda babu sauran gida. Sumaila ya tsaya nesa, ya ce shi iyakarsa nan.

Bukka ce ta ruɓaɓɓen kwano, ƙofarta gajera, sai an rusuna. A ciki akwai sanyi, alhali a waje rana na ƙona ƙeya. Warin tsohon jini da giya da turare ya cika wurin. An jera fasassun madubai a jikin bango, kowanne an juya fuskarsa yana kallon kwano. A tsakiya ga wani gunki na laka, ba hanci ba baki, sai idanu na wuri, gashin kaji ya manne masa har wuya. Tsohon yana zaune a kan fatar akuya. Imurana ya lura da abu ɗaya: tun da ya shiga, mutumin nan bai ƙifta ido ba.

"Mai ɗaukar mutane," in ji tsohon, da Hausa tas kamar ɗan Katsina. "Zauna. Me kake so?"

"Baba, so nake aikina ya karɓu."

"Ƙarya. Aikinka ba shi da laifi. Faɗi abin da kake so."

Imurana ya ce, "Arziki. Kuma da wuri."

"Yanzu ka yi magana. Zan sa duk wanda ka ɗauka ya fito yadda yake mafarkin kansa. Me za ka ba mu?"

"Ba ni da komai, Baba. In na samu, rago, ko sa..."

"Ba ma cin nama."

"Jinin mutum dai ba zan bayar ba," in ji Imurana. "Gara in tashi."

Tsohon ya yi dariya ba sauti. "Wa ya tambaye ka jini? In ka sa sabon fim a akwatin nan, kafin ka fara aiki, me kake yi?"

"Nakan danna sau ɗaya ko biyu a banza, don fim ya zauna. Kan fim ke nan. In an wanke, yankewa ake a zubar."

"To, shi za ka ba mu. Kan kowane fim namu ne, sauran naka."

"Abin da ake zubarwa a shara?"

"Shi."

"Ba wani abu bayan wannan?"

"Kai ne za ka ɗauka da hannunka, kai za ka wanke, kai za ka kawo. Ba za mu karɓi abin da ba ka miƙo ba."

Wallahi har Imurana ya ji tausayin tsohon, wai bai san ciniki ba.

Aka sa shi ya buɗe bayan kyamarar ya tofa yawu a ciki. Tsohon ya shafa wa gilashinta wani baƙin gari, ya ɗora ta a gaban gunkin, ya ce Imurana ya leƙa ya faɗi sunansa da sunan uwar da ta haife shi. Ya faɗa. Sannan aka ba shi wata 'yar tukunya mai baƙin ruwa, aka ce ya ajiye ta a ɗakin da yake wanke hoto, a nan zai riƙa jefa rabonsu.

Wadda ya fara ɗauka wata mai sayar da wake da shinkafa ce a bakin titi, ramammiya, idanu duk sun faɗa. Da hoton ya fito, ita ce dai, ba wanda zai ce ba ita ba ce, amma kumatu sun cika, fata na sheƙi, kamar matar da ba ta taɓa sanin wahala ba. Matar ta riƙe hoton ta yi ta kuka. Kafin mako ya zagayo duk Nima ta ji.

Daga nan abin ya buɗe. Masu aika hoto gida, amare, masu suna, masu neman fasfo na Makka da na Jamus, kowa sai Imurana. Ya buɗe shago a bakin babban titi, aka zana masa labule mai jirgin sama da gidan bene. Ya sayi babur, ya sayar ya sayi fijo. Ya gina gida a Maamobi ya kwashe iyalinsa daga bakin gota. Abibatu ta haifi namiji aka sa masa Ramadan, aka yanka sa. Mutane suka fara ce masa Alhaji tun bai je ba.

Yana da wata al'ada. Da safe yake sa fim a tsakar gida, kuma maimakon ya danna a banza, sai ya auna tsohuwarsa don tsokana.

"Mma, yi murmushi."

"Kai, tafi can da akwatin shaiɗanunka," ta kan ce, tana kare fuska da gyale tana dariya.

Ƙyas. Da yamma ya wanke, ya yanke kan, ya jefa a tukunya ko dubawa ba ya yi.

Mma Adiza ba ta yi ciwo ba. Koɗewa ta yi. Baƙar fatarta ta fara yin toka-toka kamar zanen da aka manta a rana. Muryarta ta sirance har sai an kai kunne. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Ranar da ta cika, matan da suka yi mata wanka suka fito suna kallon juna, ɗaya ta ce ita tun da take ba ta taɓa ɗaga gawa mara nauyi irin wannan ba, kamar kwando.

A wurin zaman makoki ne abin ya faɗo wa Imurana a rai. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa kansa tsufa ne. Amma daga ranar, in zai danna kan fim, bango yake aunawa.

Wata yamma a ɗakin wanki, kafin ya jefa, sai ya ɗaga guntun fim ɗin ga jar fitila. Ba bango ba ne a ciki. Fuskar jariri ce, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, bakin a buɗe. Ramadan.

Ya ƙi jefawa. Ya sa a aljihu. Washegari duk hotunan da ya wanke suka fito baƙi ƙirin, na biki guda da na maniyyata cike da layi. Aka taru a ƙofar shago ana zagi. Wani dattijo ya ce, "Ashe dai ƙarshen Alhaji Foto ya zo." Wannan maganar ce ta tsaya masa.

Nan ne wurin da nake jin nauyin faɗa, amma haka aka yi. Ba wanda ya riƙe masa hannu. Ya shiga ɗakin, ya rufe ƙofa, ya tsaya ya daɗe. Ya tuna ɗakin bakin gota da kiran "Foto! Foto!" a rana. Ya ce wa ransa hoto ai takarda ne, rai kuma na Allah. Ya ciro guntun ya saki a tukunya. Ruwan ko motsi bai yi ba.

Hotuna suka dawo da kyau fiye da da. Ramadan bai kai yaye ba.

Bayan shi sai Abibatu. Ita ba ta koɗe ba, idanunta aka taɓa. Wata safiya tana shara ta ɗago ta dubi mijinta, ta yar da tsintsiya ta ƙwalla ihu.

"Baban Lariba, me ya sami fuskarka? Haƙoranka sun yi baƙi! Gashinka fari fat! Wayyo, kowa ya juye!"

Tun daga nan ba ta yarda ta dubi mutum. Ta shige ƙuryar ɗaki ta rufe kai da bargo, in an buɗe taga ta yi ta kururuwa wai haske zai ƙone ta. Malamai suka yi ta karatu. Daga baya 'yan'uwanta suka zo daga Salaga suka tafi da ita a ɗaure.

Gidan Maamobi ya rage daga Imurana sai Lariba, wadda lokacin ta fara zuwa makarantar allo. Ya yi niyyar dainawa, ya rufe shago. Amma da safe sai ya tarar da kyamarar da sabon fim a ciki, an riga an danna. Ya wanke. Lariba ce, da ɗan kitsonta. Bai jefa ba, amma duk da haka ya ga tafin hannun yarinyar ya fara yin toka.

"Baba, me ya sa in na yi magana malam ba ya ji na?" ta tambaye shi.

Ya ɗauki mota ya nufi Malam ko takalmi babu.

Tsohon na nan inda ya bar shi, kamar bai taɓa tashi ba. Imurana ya zube.

"Baba, ka karɓi gidan, ka karɓi motar. Ka bar mini yarinyar nan."

"Me za mu yi da gida?"

"Kun cuce ni. Kun ce shara."

"Kai ka ce shara. Mu kai muka ce. Kuma na biyun ai da idonka ka gani kafin ka miƙo."

Imurana ya ce, "To in ɗauki wani. Ga mutane cike da titi."

"Ba ka da ikon ba da abin da ba naka ba. Kyan da kake sa wa baƙi a fuska, daga ina kake tsammani yake fitowa? Daga gidanka ake ɗiba."

"Ba ni da kowa sai ita."

Tsohon ya zuba masa idanun nan marasa ƙiftawa. "Ka sake ƙirgawa."

Ya dawo da la'asar. Ya kai Lariba wurin wata ƙanwar uwarsa a New Town, ya ce ta kwana biyu. Ya tafi shago, ya ƙone guntun da ke da fuskarta, ya sa sabon fim, ya tsaya gaban madubin da amare ke gyara ɗauri, ya auna kansa. Maƙwabta sun ce sun ji yana salati. Ya wanke da kansa, ya yanke, ya jefa.

Lariba ta warke. Launinta ya dawo, muryarta ta dawo.

Imurana kuwa bai mutu ba, kuma da ya mutu da ya fi masa sauƙi. Da safe aka same shi a ƙofar shago yana tambayar masu wucewa ina fuskokinsu suka tafi. Duk mutumin da Imurana ya duba, sai ya ga kai sumul kamar ƙwarya. Gidan ya tsage tun daga tushe, motar ta ruɓe a inda take. Hotunan da ya ɗauki mutane kuma, waɗanda ke rataye a ɗakuna daga Nima har arewa, duk suka koɗe suka bar farar takarda.

Ya yi shekaru yana zaune a gindin wata katanga a Maamobi. Lariba ta girma, ta san komai, don ba a ɓoye irin wannan a zango. Duk da haka kullum takan kawo masa abinci a kwano, ta durƙusa.

"Baba, ga tuwo."

Sai ya ɗago ya yi ta neman inda zai sa ido a fuskarta.

"Na gode, baiwar Allah. Ke 'yar wane gida ce?"

'Yan'uwa, ku ji tsoron Allah. Duk wanda ya ce zai ba ku duniya a kan abin banza, ya riga ya san abin da ba ku sani ba. Talaucin Imurana bai kashe masa kowa ba. A ɗakin bakin gota su huɗu ne, suna raba koko ɗaya, kuma kowa na gane fuskar kowa. Wanda ya gaji da jiran rabonsa ya tafi bukkar boka, to ya sani ba daga aljihunsa za a cire kuɗin ba. Allah Ya tsare mu da kwaɗayi, Ya ba mu haƙurin cin halal ko da kaɗan ne.