Amsar Ozella a Gaban Alƙaliya

"Malama Broussard, ki tuna kin yi rantsuwa. Tsakaninki da lauyanki akwai soyayya, ko babu?"

Lauyan gwamnati ne ya jefo tambayar a gaban kotu.

Ozella Broussard ta dube shi. Wata da watanni tana shirin wannan rana, amma ba ta shirya wa wannan tambayar ba. Ita abin da ya kawo ta daban ne. Sau uku ana kiran ta ta zauna cikin mutum goma sha biyun da ke taya alƙali yanke hukunci, sau uku lauyan gwamnati yana cire ta. Da farko wai tana taunar cingam. Na biyu wai kitsonta ya nuna taurin kai. Na uku wai ta kalli wanda ake tuhuma da tausayi. Ma'aikaciyar jinya kuwa da wane ido za ta kalli mutum? Kowa a wannan yanki na Louisiana ta ƙasar Amurka ya san ainihin laifinta: baƙar fata ce. Shi ya sa ita da sauran waɗanda aka kora suka maka ofishin lauyan gwamnati a kotu.

Lauyansu, Lemuel Whitlock, ya miƙe zumbur. "Ya mai shari'a, wannan tambaya ba ta da alaƙa da..."

"Zauna," in ji alƙaliyar. "Cewa suke yi kai ka kitsa mata ƙarar. Ta amsa."

Ozella ta juya ga lauyan gwamnati.

"Yallaɓai, mutumin nan ko ɗan yatsana bai taɓa riƙewa ba. In ya zo gidanmu cin miyar kuɓewar Mama ma, maganar shari'a yake yi har miyar ta huce."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya daga baya.

"Ba ki amsa ni ba."

"Shi dai bai taɓa ce min komai ba..." Ta ɗaga kai. "Amma in zuciyata kake tambaya, eh! Ina son sa. Sai dai ba son ne ya kawo ni nan ba. Tun ban san akwai wani Lemuel a duniya ba kuka kore ni."

"Faɗa musu, 'yata!" wata tsohuwa ta ƙwala.

Alƙaliya ta buga guduma ta ɗage zaman. Ozella ta saci kallon Lemuel. Mutumin da baki ne sana'arsa, ga shi tsaye baki buɗe, takardu na zubewa daga hannunsa.

A bakin ƙofa ta ci karo da Nadine, abokiyar waƙarta a coci, wadda ta daɗe tana yi wa Lemuel safarar kek zuwa ofis. Nadine ta kau da kai da sauri.

"Ke ce kika kai musu gulmar ko?"

"Ni dai abin da na gani na faɗa."

"Allah ya saka miki, 'yar'uwa. Abin da na kasa faɗa shekara guda, yau kin sa na faɗe shi gaban hukuma!"

Kafin Lemuel ya iso wajenta, mahaifinta ya ja hannunta zuwa mota. Baba Cleotis tsohon ɗan sanda ne, kuma tun farko ƙarar nan ba ta kwanta masa ba. Suna isa gida ya fara.

"Kin kyauta! Gari guda ya ji!"

"Baba, rantsuwa na yi..."

"Shekara talatin ina sanye da kakin garin nan, ina haɗiye wulaƙanci don ku ci abinci. Yaron nan daga Chicago ya zo neman suna. Ranar da hotonsa ya fito a jarida zai hau jirgi, ya bar ki da motar 'yan sanda tana bin ki zuwa asibiti kullum!"

Ozella ta shige ɗaki ta faɗa kan gado. Ba faɗan Baba ne ya fi damun ta ba. Lemuel bai ce komai ba. Ko kiran waya babu!

Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta leƙa ta taga. Shi ne, babu kwat, babu jaka.

Baba ya tare ƙofar. "Yau kuma wace shari'ar?"

"Babu, yallaɓai. Na sauka daga ƙarar. Na miƙa ta ga shugabata, Lauya Pettway."

Ozella ta fito da gudu ba takalmi. "Ka yi me? Lemuel, ka haukace? Saboda ƙarar nan fa ka bar aikinka na Chicago!"

"Ƙarar ta jama'a ce, ba tawa ba, ba zan bari su ɓata ta da sunana ba. Kuma lauya ba ya neman auren wadda yake tsaya wa." Ya dube ta, idonsa ya ciko. "Kin san azabar da na sha, zumata? Kullum ki shigo ofis kina dariya, ni kuma in yi ta ƙirga fankar sama don kar bakina ya suɓuce!"

"Fanka ɗaya ce fa a ofishin."

"Na sani!"

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda.

Baba ya dube shi. "Sunanka ba zai fito a jarida ba ke nan."

"Ba zai fito ba, yallaɓai."

"Cleotis!" Mama Vernice ta ƙwalo daga kicin. "Ka matsa wa yaron mutane ya shigo, ko in zo da ludayi!"

Baba ya matsa, amma kaɗan, sai da Lemuel ya bi ta gefe.

Tun daga ranar, Lemuel a bencin 'yan kallo yake zama, bayan Ozella. A mako na biyu Baba ya zo cikin kwat ɗin cocinsa ya zauna kusa da shi, wai don ya sa masa ido. Ranar hukunci kuwa, da alƙaliya ta ce ofishin ya tauye haƙƙin baƙar fata, kuma dole a sake duba tsofaffin shari'o'in, muryar Baba ce ta fi ta kowa tashi.

"Allah mun gode!"

A kan matakalar kotu Lemuel ya durƙusa da zobe.

"Ozella, hasken idona, za ki aure ni?"

"Na riga na amsa gaban alƙaliya. Je ka nemi kwafi!"

An yi bikin da bazara a harabar coci, ga soyayyar tarwaɗa, ga burodin masara, Nadine ma ta yi waƙa tana sunne kai. Ana tsaka da rawa wani dogon mutum mai furfura a gefen kai ya matso, riƙe da hannun tsohuwarsa.

"Amarya, ba ki gane ni ba. Sunana Thaddeus. A shari'ata aka cire ki saboda kitso. An sake min shari'a, makon jiya aka sallame ni."

Ozella ta toshe baki, hawaye na wanke mata kwalliya.

"A'a, ban da kuka, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Shekara shida bai taka rawa ba. Ango, ara mana ita!"

Lemuel ya ɗora hannun matarsa a na Thaddeus, shi kuma ya miƙa wa tsohuwar nasa. Masu kiɗa suka ƙara wuta.