Baƙin Farcen Mai Fitila

Ranar da Auta ta fara zuwa koyon sarrafa fitilun dandamali, wari ne ya fara yi mata maraba. Ta shigo babban ɗakin taron da farar riga, da 'yar kwalbar man goge hannu a jaka, tana zaton za a zaunar da ita gaban teburin nan mai maɓallai ta yi ta dannawa. Sai ta tarar da wani saurayi zaune dirshan a ƙasa, ya buɗe cikin wata fitila irin masu juya kai da kansu, yana zaro mushen tsaka da ya soye a jikin fanka.

"Ke ce sabuwar ɗalibar? Sannu da zuwa. Riƙe min murfin nan."

Ta dubi hannun da ya miƙo. Farce baƙi ƙirin, tafin hannu duk maiƙo. Ta ja da baya tana toshe hanci. Shi kuwa ko a jikinsa, murmushi ma ya yi, kuma abin haushin, murmushin ya yi masa kyau.

Kada a ga laifin Auta, gado ta yi. Abbanta a ɗakin tiyata ya yi aiki har ya yi ritaya, shekara da shekaru yana dafa almakasai da wuƙaƙe. A gidansu har makullin ƙofa wanke shi ake yi, baƙo na fita Umma za ta bi kujerar da tsumma. Tun a ranar ta laƙaba wa malamin nata Baƙin Farce, shi ma bai bar bashi ya kwana ba, ya sa mata Hajiya Sabulu.

Bai bar ta ta taɓa tebur ba sai da ta san cikin fitila: ƙurar da maiƙon injin hayaƙi ya dama ta zama kamar kunu, kashin tattabaru a kan ƙarafan sama, kyankyasai da suka yi gida a akwatin wayoyi. Kullum tana tsaki tana rantsuwar gobe ba za ta dawo ba, kullum kuma sai ta dawo. Sannan ya koya mata ainihin aikin. Kowace fitila da lambarta, in ka ba biyu lamba ɗaya sai su riƙa juyi tare kamar tagwaye. Ka nuna wa fitila inda za ta kalla, ka zaɓa mata launi, ka adana a tebur, ka jera su mataki-mataki, mawaƙi na ɗaga hannu ka danna. Ranar da ta haɗa nata tsarin na farko, fitilun gaba ɗaya suka juya suka haske ƙofar banɗaki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai sun san wurin da ta fi so ne.

Abu ɗaya ne bai taɓa ba ta ƙyama ba a wurin, naɗe wayoyi in an tashi. Kullum tas take samunsu, ta ɗauka haka suke.

Ba a jima ba saƙonni suka fara yawo.

"Hajiya Sabulu, kin bar kwalbarki a kan tebur. Ban taɓa ba, wallahi, da filaya na ɗauke ta."

"Allah ya shirye ka. Ka ci abinci? Ka wanke hannu tukuna."

"Na wanke. Bai fita ba. Son da nake miki ma haka yake."

Ta karanta ta ce tir da wannan kwatance, amma sai da ta sake karantawa kafin ta ajiye wayar.

Ana nan sai ga wani mawaƙi da ake kira Ɗan Ƙamshi ya kama ɗakin don wasanninsa. Farar shadda, farce a goge, turare yana riga shi shiga wuri. Auta ce ta tsara masa haskensa, shuɗi ta baya, ruwan zinare a fuska, in ya fito 'yan mata har ihu suke yi. Amma ita da rana take ganinsa lokacin gwaji, ta san sauran. Mutum ne da zai kakaro majina ya tofar a dandamali, ya liƙa cingam a jikin lasifika, ya kira ma'aikata da "kai, abin nan". Allah wadaran naka ya lalace. Shi ne ya ƙyalla ido ya ce yana sonta, bai ma tsaya jin bakinta ba ya je gaishe da Abba. Abba ya dubi farcensa ya ji hankalinsa ya kwanta.

Da Baƙin Farce ya ji, shi ma ya shirya. Ya dirje hannu da buroshi da lemun tsami har fata ta yi ja, amma baƙin da ya shekara yana shiga ba ya fita a yini ɗaya. Ya je gidansu ya durƙusa ya gaida Abba ya miƙa hannu. Abba ya ba shi kan yatsu, sannan a gaban idonsa ya ƙwala wa Umma kira ta kawo buta da sabulu. Bayan ya tafi Abba ya ce shi kam ba zai ci tuwon hannun 'yar da ke cin abinci kwano ɗaya da wannan ba. Magana ta ƙare.

Tun daga nan saurayin ya ɗauke wuta. A wurin aiki sai "ɗaga ta uku", "rage ja". Auta ta ɗauka ya janye ya bar wa mai turare fili, abin ya yi mata ciwo, ta rubuta masa:

"Ashe sonka ma yana fita da sabulu."

Sai can ya amsa: "Bai fita ba, Sabuluna. Kunya ce. Ba na son a riƙa wanke hannu a bayanki saboda ni."

Ta yi kuka mai isarta, ta tashi da kumburarrun idanu.

Ranar wani gwaji Ɗan Ƙamshi ya gayyaci Abba ya zo ya ga girmansa. Abba mutum ne mai sammako, ya riga shi isowa. Auta na gaban tebur tana saita hasken baya, kuma aikin ba ya yiwuwa sai wani ya tsaya a kan alamar da mawaƙi zai tsaya. Baƙin Farce yana saman tsani. Ta roƙi Abba ya ɗan tsaya mata, tunda tsawonsu ɗaya da mawaƙin. Ya hau yana ɗage bakin riga yana duban inda zai taka. Ta kashe fitilun gaba ta kunna na baya, Abba ya koma inuwa, ba a ganin fuskarsa.

Sai ga Ɗan Ƙamshi ya hawo, mura ta kama shi. Ya toshe hanci ɗaya ya fyace a kan wayoyin da ke ƙasa, ya kakaro ya ƙara musu. Ya zura tawul cikin riga ya goge hammata ɗaya, ya goge ɗayar, ya rataya shi a kafaɗar inuwar nan.

"Riƙe min, kai abin nan. Kada ka bari ya faɗi."

Abba ya sandare. Danshin tawul ɗin yana taɓa masa wuya. Auta za ta iya kunna fitilar gaba tun shigowar mawaƙin, yatsanta na kan maɓallin. Ni dai ban ce da gangan ta jinkirta ba, amma sai a lokacin ta danna. Farin haske ya sauka a fuskar Abba. Ɗan Ƙamshi ya fara in-ina, wai ya ɗauka lebura ne. Abba ya ce masa to leburan ba mutum ba ne? Mawaƙin ya sulale ta ƙofar baya.

Baƙin Farce ya sauko da sauri ya cire tawul ɗin da hannunsa, ya kawo wa Abba ruwa da sabulu ya wanke wuya. Sannan ya ɗauko bokiti da tsumma ya durƙusa yana goge wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Abba yana tsaye yana kallo.

"Yaro, kullum kai ke kwashe wannan ƙazantar?"

"Kullum, Abba. In an tashi Auta ce ke naɗe wayoyin, kuma na san halinta."

Auta ta dubi tafin hannunta, fari tas, sai hawaye. Abba ya sauka ya tafi gida, ya yi wanka har ruwan randa ya ƙare. Da ya fito ya ce wa Umma a aika wa yaron ya turo magabatansa.

An ɗaura aure cikin rufin asiri. Amarya da kanta ta tsara hasken liyafar tun kafin ranar, ba fitila ɗaya da ta kalli banɗaki. Da ango ya zo gaida surukinsa, farcen nan yana nan yadda yake. Abba ya kama hannun da nasa biyu ya riƙe ya daɗe, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Umma, sabo ya sa, har ta taho da buta da sabulu.

"Mayar da su," in ji Abba. "Zuba mana abinci kwano ɗaya ni da ɗana."