Gurbin Amshi

Ku matso, ku kashe wayoyin nan. Kai Sagiru, rufe baki kada sauro ya faɗa.

Tasi'u mai sutudiyon ɗaukar waƙa ne a lungun bayan kasuwa. Matarsa Lantana ce ke yi masa amshi a waƙoƙin biki. Da ta rasu, bai nemi wata ba. Sai ya koya wa kwamfuta waƙa. Ya rubuta mata baiti gaɓa-gaɓa, nan ki ja, nan ki sauke, ya ɗora a kan kiɗa. Tana rerawa, ba numfashi, ba armashi. Shi ma haka ya koma. Ya ci, ya yi aiki, ya kwanta. Daɗi ba ya jinsa, zafi ba ya jinsa.

Ran nan da rana tsaka, lungu ya yi tsit, wata tsohuwa ta shigo ba sallama. Labulen ƙofa bai motsa ba.

"Biki gare mu," in ji ta. "Na'urarka za ta ba da waƙa."

"Amshi fa, Iya?"

"Bar gurbinsa, muna da masu yi. Wanda duk ya amsa, da mu zai tafi."

Ya ce to. Ko gabansa bai faɗi ba. Ya rubuta, ya kunna. Kwamfuta ta ja baiti, ta yi shiru. Cikin shirun nan amshi ya taso daga bayansa, mata da yawa, ƙasa-ƙasa. Ɗaya ta ɗan shaƙi iska ta hanci kafin ta ɗauka. Lantana kaɗai ke yin haka.

Tasi'u ya sani sarai wanda ya mutu ba ya dawowa, aron muryar suka yi. Sanin hakan dai bai hana shi saurare ba. A baiti na gaba sauran matan suka yi shiru. Muryar nan ta rera rabin amshi ta tsaya, kamar yadda Lantana takan tsaya ta jira shi ya ƙarasa.

Ya buɗe baki. Babu abin da ya fito. Maƙogwaron ya bushe tun ranar jana'iza. Tsohuwa ta jira, ta jira, ta ja tsaki ta fice.

Ya tsira, amma ta bar masa kiɗan a cikin kwamfuta. Kullum rana tsaka sai ya ja ƙofa ya kunna, muryar nan ta rera rabin amshi ta tsaya.

Kada in ji waninku ya bi lungun nan shi kaɗai. Shekaranjiya mu biyu muka wuce, muka ji Tasi'u ya fara gyaran murya.